Dariyar Turai Mai Zuwa a Makare

Yahuza tela ne a wani shagon yadi na titin Jalan Tuanku Abdul Rahman, can ƙasar 'yan Malay, mutumin da ko ranar sallah sai an yi da gaske ake ganin haƙoransa. Sai Allah ya haɗa shi da Turai, wadda in ta tuntsire da dariya a saman benensu na unguwar Sentul, mai shagon ƙasa ma sai ya ɗaga kai.

Kafin korona, wani gidan talabijin kan gayyaci jama'a su cika kujeru su yi dariya yayin ɗaukar wasan barkwanci. Turai ta ja 'yarsu Hanan suka je. Ba ta jin yaren Malay, sai Hanan ta raɗa mata fassara tukuna. Saboda haka sai kowa ya gama ya yi tsit sannan tata dariyar ta fashe, ita kaɗai, da ɗan tari a ƙarshe.

Cutar ta ɗauke Turai. Masu fararen kaya ne suka binne ta, Yahuza na tsaye daga nesa kamar baƙo.

Da yake an hana taro, gidan talabijin ya koma liƙa tsohuwar dariyar da ya naɗa a kan sababbin wasanni. Wata Asabar Yahuza na cin abinci, kwatsam sai ya ji muryar matarsa, har da tarin. Tun daga ranar bai ƙara fashin shirin ba. 'Yan wasa su yi ta shirmensu, shi wutsiyar dariyar yake jira. Hanan ta ce ya naɗa a waya, ya ce haba, ai kowane mako tana zuwa. Taurin kai dai irin na Yahuza!

Sai wani mako dariyar ta tashi ta sauka tsaf, babu wutsiya. Na gaba ma haka. Hanan ta buga wa gidan talabijin waya, aka yi ta tura ta daga wannan zuwa wancan, har wani ya yi bayani: sabon mai haɗa sauti ne ya ji wata na makara, ya datse wurin.

"Tambaye shi ina ya ajiye guntun," in ji Yahuza. Shi a sana'arsa, in an yanka yadi, ƙyallen na nan ƙarƙashin tebur.

Hanan ta tambaya, ta saurara, ta ajiye wayar.

"Baba, sun yi delete lah, sun goge shi. Ya ce sorry."

Asabar ta zagayo, Yahuza ya kunna talabijin. Aka yi dariya aka gama. Hanan ta buɗe baki za ta yi magana, ya ɗaga mata hannu ta dakata tukuna.