Tsahara da Kwamfutar da Aka Ce Ta Mutu

Shekara goma sha tara Tsahara ta yi tana buga takardu a buro na wani kamfanin sufuri a Malbaza. Da kamfanin ya rufe, aka bar mata kwamfutar da take aiki da ita. Ta dawo Konni, ta kafa tebur kusa da tasha, tana buga wa mutane takardun neman aiki da na lakwal, wato makaranta.

Bara kwamfutar ta soma nauyi, sai a sha shayi a gama ba ta buɗe ba. Ta kai wa Abdulƙadir mai gyara. Ko murfin bai ɗaga ba ya ce, "Inna, wagga ta mutu. Tsarin da ke tafiyar da ita ya tsufa, sabon kuwa ya fi ƙarfinta. Ki yar, ki sai wata."

"Mi ya mutu? Allo na haske, fanka na juyawa. Ba ni abata."

Ƙanenta Rabilu, malamin lissafi a Illela, shi ya zo mata da ɗan filas na kwamfuta. Ya ce, "Yaya, Linux ke nan ciki, wani tsari ne na tafiyar da kwamfuta. 'Yan sa-kai na ƙasashe barkatai suka gina shi. Kowa na iya ɗauka, ya gyara, ya ba wani. Tsohuwar na'ura ma tana ɗaukar shi."

"In 'yan sa-kai ne, sa mini."

Kwamfutar ta tashi garau, amma na'urar fitar da takarda ta ƙi. Kwana tara masu kawo aiki suna juyawa. Abdulƙadir ya wuce bisa babur yana dariya, ya ce kayan kyauta ai haka suke. Tsahara ta shiga dandalin masu tsarin a intanet, ta rubuta matsalarta da Faransanci. Wata mata da ba ta taɓa gani ba ta yi ta bin ta dalla-dalla, har takarda ta fito.

A dandalin ta tarar da masu fassara tsarin zuwa Hausa, ta shiga cikinsu. Wani ya rubuto mata cewa Hausar Konni ba ta dace da kwamfuta ba. Ta amsa, "Da ita nike ciniki, da ita nike roƙon Allah. Ta isa."

Yanzu kowace Juma'a da hantsi takan rufe tebur, ta zauna fassara. Matan unguwa huɗu suna koyon fassarar wurinta.