Janar Halilu da Kujerar Ciyayya

Halilu bai wuce kofur ba a soja, kuma a ɗakin girki ya yi yawancin aikinsa. Amma da ya dawo Kaura Namoda da tsohuwar rigar sanyi ta soja da sandar gora, muka sa masa suna Janar. Bai taɓa musantawa ba.

Mu tsofaffin ma'aikatan reluwe muna da ciyayya a gindin darbejiya, bakin tasha, tun zamanin da kukan jirgi ne agogon gari. Bayan magariba kowane gida kan aiko da kwanon tuwo, mu haɗu mu ci. Malam Namadi, tsohon mai ba jirgi hannu, shi ke kan kujera, shi ke faɗin kwanon da za a fara buɗewa. Wata rana ya tafi ta'aziyya Shinkafi, da ya dawo ya tarar da Janar a kujerarsa.

"Na riƙe ne don a samu tsari," in ji Janar. "Ranar da jirgi ya dawo Kaura zan sauka."

Muka yi dariya, don ciyawa ta daɗe da rufe layin dogon.

Da farko mun ji daɗi: wuri a share, awaki sun daina sa baki a kwano. Daga baya dokoki suka yi yawa. Ba a kunna rediyo sai tashar da ya zaɓa. Wanda ya yi gardama a mayar da shi gefen tabarma, inda kwano ke isa ba nama. Sai ya fara sanar da gidan da miyarsa ta yi gishiri, har da ta Uwani, matarsa. Nan ya yi kuskure.

Wata Laraba matan suka aika kwanoninsu duka ƙofar gidan Malam Namadi. Mu kuwa dama tuwo muke bi, muka bi shi. Janar ya zauna shi kaɗai yana jira, ko kwanon gidansa bai zo ba.

Ba a daɗe ba sai ga shi, ba sanda, kujerar a kafaɗa.

"Janar, jirgin ya iso ke nan?" in ji Malam Namadi.

"Ban ji kukansa ba, Malam. A dai matsa mini."

Aka ba shi gefen tabarma. Nan yake zama har yau, kuma ya fi kowa yabon miya.