Ambaliyar da Na Sa a Watan Agusta

Shekarun baya, lokacin ina karatun digiri na biyu a Kuala Lumpur, na taɓa zama a kan teburin cin abincinmu na ƙirƙiro ambaliya har guda huɗu. Yanzu kunyar ta huce, zan iya ba ku labarin.

Kafin in tafi karatu, shekara tara na yi a sakatariyar ƙaramar hukuma, sashen tsare-tsare. Ni fayil ba ya ba ni tsoro. In takarda ta ɓace, na san yadda ake haifo wata, har a murza ta kaɗan ta yi kama da tsohuwa. A lokacin wannan ƙwarewa nake kiransa, kuma ina ji da kaina sosai.

Abokina a aji ɗan Orang Asli ne, wato mutanen da suke ƙasar tun kafin kowa ya zo. Ƙauyensu na gindin wani tsauni a bakin rafi, tafiyar awa ɗaya da ɗoriya a mota. Idan aka yi ruwa a kan tsaunin, ko da rana ake ƙwallawa a ƙauyen, sai rafin ya cika ya yo kan gidaje kafin mutum ya gama ɗaura zani. Gidan mahaifiyarsa ne mafi kusa da ruwan, ita kuma gwiwoyinta sun gaji, da sanda take tafiya. Duk sanda hadari ya haɗu muna aji, sai in ga ya daina rubutu yana duban waya.

Wata rana muna shan shayi a shagon mamak, wato mai shayin Indiyawa Musulmi, da ke unguwar Sri Petaling, ya miƙo mini wani fom. Gwamnati ta ware tallafi don kare rayuka a ƙauyukansu, kuma abin da mutanen ƙauyen suke so shi ne na'urar auna ruwa a can saman rafi, da jiniya a tsakiyar gari, yadda za ta yi kuka tun ruwan yana nesa. Saura mako uku a rufe.

Ya ce, "Abang," wato yaya, haka yake kirana, "kai ka san aikin ofis. Boleh, za ka iya?"

Na ce masa ya ɗauka an gama.

A shafi na uku muka ci birki. Sharaɗi ne sai an haɗa da shaida a rubuce cewa an yi ambaliya a shekarun da suka wuce, da ranakun da aka yi. Su kuwa ba su taɓa kai rahoto ko'ina ba. Ruwa ya zo su hau tudu, ya janye su sauko su wanke gida. A wurinsu kai ƙarar rafi abin dariya ne. Ga ambaliya kowa ya sani, amma a takarda ko ɗigo babu.

Abokina ya ce mu je ƙauye mu tambaya. Na ce ba sai mun wahalar da tsofaffi ba. Na shafe mako biyu, tsakanin aji da aikin gida, ina tsara wasiƙu huɗu daga mai garinsu, wanda suke kira tok batin, kowacce tana kai rahoton ambaliya, kowacce da kwanan wata na shekarun baya. Har salon rubutun na bambanta.

Matata ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Yallaɓai, nan ma ka buɗe reshen sakatariya ke nan? Wallahi ka yi taking care, ƙasar mutane ce."

Na ce mata taimako nake yi. Kuma har ga Allah haka na ɗauka.

Ranar Asabar muka tafi ƙauyen. Aka zauna a rumfar taro, tok batin a tsakiya, dattijo mai ƙaramin jiki da ba ya gaggawar magana, mahaifiyar abokina tana gefe ta miƙe ƙafafu. Abokina ya fara karanta wasiƙata ta farko yana fassarawa, ni kuma na gyara zama ina jiran yabo. Yana faɗin kwanan wata sai tsohuwar ta tuntsire da dariya. Ya karanta ta biyu, mata biyu suka taya ta. A ta uku har yara na dariya, ba su ma san dalili ba.

Na raɗa masa, "Me ya faru?"

Ya ce, "Abang, ka sa duka a Agusta. Mak, mahaifiyata, ta ce a Agusta ko kaza tana tsallake rafin nan. Lokacin tsinkar 'ya'yan itacen durian ne, kowa yana gona. Ruwanmu sai ƙarshen shekara."

Ni ɗan Gusau, tun ina yaro na san Agusta ne ruwa ke rushe katanga. Ban ko tsaya na yi tunani ba, na ɗauko daminar garinmu na kai musu. Da ƙasa za ta tsage a ranar, da na shige.

Na yi ƙarfin hali na ce ai gyara wata ba wuya. Tok batin ya juya takardar a hannunsa, ya yi magana a hankali, abokina ya fassara: "Ya ce na gode da wahalarka. Amma bai aika wannan wasiƙa ba, don haka ba zai dangwala ba. Ya ce bakinsa kaɗai yake da shi. In aka kama shi da ƙarya a kan ruwa sau ɗaya, ranar da ya ce ruwa ya zo da gaske, wa zai taso?"

 Tsohuwar ce ta cece ni. Ta ce in takarda ake nema, ai duk ranar da ruwa ya zo yara ba sa iya haye gada zuwa makaranta, kuma malamai suna rubutawa. Abin da na ƙi zuwa in tambaya tun farko ke nan.

Ranar Litinin muka je makarantar. Shugabar ta fito da tsofaffin rajistoci, ga sunayen yaran ƙauyen a jere, an sa ba su zo ba, a gefe an rubuta banjir, wato ambaliya. Ranaku sun fi huɗun da na ƙirƙira yawa. Sai dai ta ce ba za ta ba mu kwafi ba sai ta nemi izini daga sama, kuma gaskiyarta ne. Izinin ya iso kwana biyar bayan an rufe karɓar fom.

Makonni biyun da na ɓata su suka ja mana. A ƙarshen shekarar ruwa ya zo da la'asar, ba jiniya. Wani maƙwabci ne ya goyo tsohuwar zuwa tudu, ruwa har ƙugunsa, ɗakin girkinta kuwa ya tafi gaba ɗaya. Da abokina ya faɗa mini, ban iya cin abinci ba. Bai taɓa ce mini laifina ne ba, wannan ya fi yi mini ciwo.

Amma a wannan karon tok batin ya sa an ɗauki hotuna, ya kai rahoto da kansa, aka buga masa hatimi. Da aka sake buɗe tallafin muka cike fom da wasiƙar makaranta da rahoton. Aikina bai wuce jera shafuka da duba kuskuren rubutu ba. Aka amince, aka girka na'urar da jiniyar. Aka kafa musu sharaɗin gwada jiniyar duk wata a rubuta a littafi, kuma na ji labarin ba su taɓa tsallake wata ba.

Na daɗe ina tunanin abin nan. Dā ina ganin sharaɗi shinge ne da mai wayo ke tsallakewa. Har yanzu ina ganin wasu sharuɗɗan ba su san mutanen da aka rubuta su dominsu ba. Amma na koyi cewa shaida tana nan a wani wuri, sai dai mutum ya rage girman kai ya je ya tambaya. Tun daga nan ban sake mayar da kwanan wata baya ba.

Saura 'yan kwanaki in dawo gida, ina cikin jirgin ƙasa na LRT da yamma, sai ga kiran abokina. Na ɗauka, ban ji komai ba sai kukan jiniya da hayaniyar mutane. 

"Mak fa?" na ce.

Ya ce, "Tana tudu, abang. Ruwan ma bai iso ba tukuna. Da ƙafarta ta hau."