Kazar Mai Ɗori

Har yau in na ji warin man kaɗe a kan wuta sai in bar wurin. Jikokina suna yi mini dariya, wai tsohuwar da ta girma a unguwar Nima tana gudun man kaɗe. Bari in gaya maka dalili.

Ina da shekara bakwai ko takwas, ba a daɗe da samun 'yancin kai ba. Da damina ne, na ɗebo ruwa a famfo, santsi ya kwashe ni a bakin babbar kwata, na dafa ƙasa da hannun dama. Na ji ƙas a gwiwar hannu. Kafin in kai gida ta kumbura suntum.

Babana yana Kumasi wajen fataucin goro, don haka magana ta koma hannun kakata, uwarsa. Wani maƙwabcinmu mai dako a kasuwar Makola ya ce a kai ni asibiti. Kaka ta ce can yankan hannu kawai suka iya, ba da jikarta ba. Aka kira mai ɗori daga unguwar Maamobi.

Dattijo ne mai fara'a, har alewa ya ba ni. Ya sa aka kamo budurwar kaza, ya karya mata ƙafa a gabana, ya ɗora. Sannan ya juyo kaina, ya shafa man kaɗe mai zafi, ya ja hannun, ya jera karare, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau. Ya ce ranar da kaza ta taka ni ma na warke, kuma kada a kuskura a kwance kafin kwana bakwai.

Washegari yatsuna suka yi sanyi, suka fara duhu. In an taɓa su sai in yi ihu. Kaka ta ce ƙashi ne ke haɗuwa. Kullum da safe kazar take fara dubawa kafin ta dubo ni.

To ina uwata? Tana nan, taku biyar daga tabarmata, tana dafa wake da shinkafar sayarwa. Ni ce 'yar fari. Ba ta faɗin sunana, ba ta kallona a gaban surukai, balle ta ce a kwance. Takan ajiye mini koko ta wuce. Matan gidan suna ta yabon kunyarta, ni kuwa ina kiranta har muryata ta dishe.

Kazar ta taka, har da rangaji a tsakar gida. Ni da aka kwance, yatsuna sun lanƙwashe cikin tafi, ba su sake miƙewa ba. Da babana ya dawo ya kai ni asibitin da ake tsoro. Likita ya ce ƙashin da ya karye ya danne jijiyar jini, ɗaurin ya ƙarasa aikin, kuma da an sassauta tun ranar farko da an ceci hannun. Aka ce ƙaddara, aka rufe zancen.

Tun daga nan da hagu nake ci, da hagu nake miƙa canji, kullum ina ba mutane haƙuri a kan laifin da ba nawa ba. Wannan ya fi karayar ciwo.

Sai da uwata ta tsufa tukuf, wata rana ta kama hannun ta daɗe tana shafawa. Ta ce, "Ina jin ki fa. Duk kiran da kika yi, ina ji." Na san gafara take nema, na kuma ba ta. Amma wallahi da na fi so ta ce ba ta ji ba.

Bara jikata ta faɗo daga keke a kan gwiwar hannu. Uwarta, wato 'yata, ta tsaya tana kallon surukarta, don yarinyar ita ma 'yar farinta ce. Ban jira kowa ba, na tare taksi da hannun hagu. Aka ɗauki hoton ƙashi, aka ɗaure mata hannun da simintin asibiti, nas tana zuwa tana matsa yatsunta ta ga ko jini na kaiwa. Yanzu da dama take cin tuwo, ni kuma nakan zauna in zuba mata ido har ta gama.