Pitar Kirya Sebasti ta yi ruwa

Ƙanwata Ebdokiya ta rubuta littafi! Na gaske, mai bango, da hotonta a baya. Ni da na bar makaranta a aji shida don in taya babanmu wanke soson teku a bakin jirgi, yau ga 'yar da na goya tana sa hannu a littafi a nan Tarpon Springs, a Amurka.

Shekara talatin ta yi tana ɗaga waya a asibitin haƙori, ba mai jin muryarta. Da mijinta ya rasu, Allah ya jiƙansa, abin da ya rage mata shi ne kicin ɗin coci. Kowace Alhamis tana can tana murza ƙullu da sauran mata. Ashe in ta koma gida rubutu take yi.

Mijina Manoli ne ya karanta mini, don Turancina na kasuwa ne. Labarin wani miji da mata ne masu sayar da soso, suna neman wanda ya kashe mai jan waƙa a coci.

Na ce, "Wayyo! Yaushe ya mutu? Ba ranar Lahadi muka gan shi ba?"

Manoli ya ce, "Popi, ƙirƙira ce."

"To matar nan mai surutu da ke binciken, wace ce?"

"Wa kika sani mai surutu da ta auri mai haƙuri?"

Har yau ban gane ko yabo ne ba, amma na ji daɗi.

A ƙarshe ashe wata tsohuwa ce mai baƙaƙen kaya ta yi kisan, shugabar kicin. Mu kuwa tsohuwa ɗaya ke mulkin kicin ɗinmu, Kirya Sebasti. Kirya a yarenmu kamar a ce uwargida ne. Ga kuma shafin ƙarshe, Ebdokiya ta sa yadda ake yin pita, gasasshen ƙullun nan namu mai alayyahu da cuku a ciki, ta rubuta ɓaro-ɓaro cewa girkin Kirya Sebasti ne.

Sati biyu da fitowar littafin, tsohuwar ta aiko cewa kada Ebdokiya ta ƙara zuwa ranar Alhamis.

Ta zo gidana ido ya kumbura. "Yaya, in ba kicin ɗin nan, ina zan sa kaina? Gidan shiru yake kamar kabari."

Na ce, "Ke ma da gangancinki. Kin mai da tsohuwa mai kisan kai, kina jiran ta yi miki guɗa?"

Na ɗauki kwalin alewa, na ja Manoli muka tafi ba da haƙuri. A hanya yana ta mita wai shi ba mutumin littafi ba ne, ƙafarsa ciwo take.

Muka sami Kirya Sebasti a falo. Abin da ya fara ɗaure mini kai, littafin ne har guda uku a kan tebur, kusa da hoton mijinta.

Na ce, "Kirya, yarinta ce. Ba ke take nufi da mai kisan ba."

Ta harare ni. "Ba ni ba? To wace ce? Akwai wata mai wayon da za ta ruɗe garin nan har shafi ɗari biyu? Ni ce mana. Na aika wa 'yata ɗaya."

Na dubi Manoli, shi kuma yana duban alewar.

"To Kirya, me ya yi zafi?"

Ta jawo wata wasiƙa daga aljihu ta miƙa wa Manoli. Wata mata ce daga jihar Ohio ta rubuto ta hannun coci. Wai ta bi girkin daki-daki, pitar ta fito jagwab, ruwa kwance a ƙasan tire, ko akwai shawara?

"Ruwa!" in ji tsohuwar, tana dukan ƙirji. "Shekara hamsin ina ciyar da garin nan, yau Amurka duka ta ji pitata tana ruwa!"

Na ce, "Ai ke kika ba ta girkin da bakinki. Ina wurin."

"Na ba ta yadda ake bayarwa."

Nan ne na tuna. Ebdokiya a nan aka haife ta, ni a Kalimnos, can ƙasarmu ta asali. Wace tsohuwa ce tamu za ta ba ka girkinta cikakke? Dole ta rage abu ɗaya. Kowa ya san hannu ake kallo, ba baki ba. Ita kuwa 'yar boko ta rubuta abin da aka faɗa mata ta kai wa masu bugawa.

Manoli ya ce, "To ki faɗi abin da ya rage a gyara mana."

"Kai, rufe mini baki. In faɗa wa Ohio abin da ban faɗa wa surukata ba?"

A faɗa, ta ƙi. A bari, sunanta ya ɓaci. Kaina ya yi ta juyawa, sai na ji bakina ya ce, "To in za a sake bugawa, a cire sunanki a sa nawa."

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. "Ke za ki ɗauki ruwan?"

"Zan ɗauka."

Manoli ya ce, "Ba wanda zai yi mamaki. Tata dama da cokali muke sha."

Na taka masa ƙafar mai ciwon.

Kirya Sebasti ta buɗe kwalin, ta zaɓi alewa ɗaya, ta daɗe tana tauna. Can ta ce, "Ki ce mata ta zo Alhamis. Ta tsaya a damana ta kalli hannuna. In na ga biro, har ke sai na kora."

Ebdokiya ta koma. Yanzu ta san abin da aka rage, na tambaye ta sau uku, wai ita ba ta ga komai ba. Ni dai an ce bugu na biyu zai fito da cikakken sunana, Kaliyopi, a shafi na ƙarshe. Na riga na gaya wa duk 'yan layinmu su saya, amma kada wanda ya gwada girkin.