Filin Ƙwallonmu da Hanya Ta Ratsa

Ƙwallon fata na farko da na taɓa gani a Haɗeja, Baturen makaranta ne ya zo da shi daga Kano, shekaru kaɗan bayan babban yaƙi. Kafin nan tamolar tsumma muke bugawa, in ta warware mu koma langa, in zafi ya yi yawa mu faɗa kogi. Baturen ya kawo ƙwallo ɗaya, makarantun da yake son ya faranta wa rai kuwa biyu ne, tamu ta elementare da ta Birniwa. Sai ya yanke hukunci irin na mutumin da ba a garin zai kwana ba: bayan kaka a kara tsakanin makarantun biyu a Haɗeja, wadda ta ci ta riƙe ƙwallon har abada. Kafin ranar, ƙwallon zai zauna a kabad ɗin hedimastanmu, tare da rajista da bulala.

Aikin shirya mu ya faɗa kan malamin lissafi, wani siririn saurayi da ya yi midil a Kano, yana da usur da ɗan littafin dokokin wasa na Turanci wanda ba ya rabuwa da aljihunsa. Abu na farko da littafin ya nema shi ne fili shimfiɗaɗɗe mai tauri. Wanda ya rubuta shi bai san Haɗeja ba. Ƙasarmu watanni tana ƙarƙashin ruwa, in ruwa ya janye kuma ta dare ta bar ramukan da ƙafar yaro ke shigewa har idon sawu. Malam ya yi kwana uku yana yawo da igiyar awo, daga bisani ya samo wani wuri a bayan ganuwa, sumul, da tauri kamar daɓen ɗaki. Ya yi ta murna. Babu wanda ya ga dacewar gaya masa cewa wurin ya yi tauri ne don tun kaka da kakanni ƙafafun mutane ke taka shi. Hanyar kogi ce.

Muka zana layi da toka, muka kafa azara biyu a kowane gefe, muka gicciya gora a sama. Raga kuwa a suna kaɗai take, don hanyar ta cikin gola ɗaya ta shigo, ta ratsa tsakiyar fili, ta fice ta cikin ɗayan. Masunta, masu kai shanu mashaya, masu jakai da mangalar bandar kifi, duk ta nan suke bi, kuma sun yaba da azarorin, suka ce yanzu ko baƙo ba ya ɓata hanya.

Mu ba jakai ne damuwarmu ba, jaki ana kewaye shi. Gaisuwa ce. A lokacin, yaro in ya ga babban da ya sani, durƙusawa yake yi, ya sunkuyar da kai, ba ya tashi sai an gama amsa masa. Duk wanda ya biyo hanyar nan kuwa, in ba baffan wani ba ne, kawun wani ne, ko maƙwabcin uban wani, ko malamin da ya biya masa karatun allo. Sai ka ga ɗan gaba ya yanke mutum uku, ya nufi gola, kwatsam ya zube ƙasa.

"Ina wuni, Baba?"

"Lafiya lau. Ya mutan gidan? Uban naka ya dawo daga gona?"

Tamolar kuwa ta yi gaba ita kaɗai, babu mai tambayar lafiyarta.

Malam ya fusata. Ya tara mu ya buɗe littafin, ya ce ya karanta shi daga bango zuwa bango, babu gaisuwa a ciki. Daga yau duk wanda ke cikin layin toka ba ya da baffa sai an busa usur. Mutum ɗaya ne ya ɗauki maganar da gaske, kyaftin ɗinmu, ɗan unguwar masunta. Ya wuce yayan mahaifinsa a guje, da gajeren wando, ko kallo. Washegari ya zo makaranta yana zama da gefe ɗaya. Limamin unguwarsu kuma ya aiko wa hedimasta cewa in abin da boko ke koyarwa ke nan, to a faɗa musu tun da wuri. Dokar Malam ta mutu tana da kwana ɗaya.

Amma malamin lissafi ne, sai ya koma lissafi. Ya gano cewa yaran Birniwa baƙi ne, ba su san kowa a Haɗeja ba, iyakarsu su ce sannu su wuce. Mu masu gida mu ne a cikin hatsari. Don haka ya sake zaɓen 'yan wasa, ba ya tambayar gudu ko iya bugu, tambaya ɗaya yake yi.

"Kai, dattawa nawa gare ka masu bin hanyar kogi?"

"Allah gafarta Malam, ban da na wajen uwa?"

"Koma ka zauna."

Haka gwanayenmu suka koma 'yan kallo, aka cika fili da 'ya'yan ma'aikatan En'e da aka yi wa canjin wurin aiki da kuma 'yan ƙauye masu zaman riƙo. Da ya zo kaina na ce ni mutumin Miga ne, a gidan wani abokin mahaifina nake zaune, shi kuma ciwon ƙafa ya hana shi fita. Malam ya dube ni kamar ya tsinci dami a kala, ya ce ni ne gola. Ban taɓa kama ƙwallo ba sai sau biyu, ɗaya ma da fuska, amma a bakin gola hanya ta fi matsewa, kuma a duk Haɗeja ba ni da wanda zan durƙusa wa.

Ranar wasa yaran Birniwa suka iso tun da hantsi, aka ba su fura. Bayan la'asar aka fara. Hedimastansu ne alƙalin wasa. Suna da wani dogon ɗan gaba, Bamange, da ya ji ni Bafillace ne sai ya ɗauko wasan da ke tsakaninmu, duk zuwan da zai yi sai ya ce, "Kai bawana, matsa in wuce, ko in sayar da kai in sayi gishiri." Ni kuma in ce masa ya bari sai ya koyi Hausa tukuna.

Dabarar Malam ta yi aiki. Dattawa suna ta ratsawa, 'yan kallo a gefe suna ta zubewa kamar ana yankan shinkafa, mu na ciki ko gezau. Muka ci ɗaya, suka rama. Na tare biyu, ɗaya da gwiwa, ɗaya ban san da me ba. Rana ta yi ƙasa, alƙalin wasa ya fara duba agogo. In aka tashi a haka, ƙwallon yana hannunmu, kuma ba na jin akwai wanda zai iya fitar da shi daga kabad ɗin hedimasta.

Sai na ji sallama a bayana, da muryar da na sani tun kafin in san sunana.

Mahaifina ne. Ya taso daga Miga da jaki da buhun gero zai kai wa mai riƙona, ya tsallako kogi, ya biyo hanyar da kowa ke bi. Wata biyar rabona da shi. A daidai lokacin dogon nan ya kufce wa masu tsaron baya, ya taho shi kaɗai.

An sha tambayata ko na yi shawara a zuci. Ban yi ba. Gwiwoyina ne suka yanke hukunci, ni labari na samu.

"Sannu da zuwa, Baba. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Kai ne nan? Ina sauran wandon naka?"

"Na makaranta ne, Baba. Ya su Inna?"

"Suna gaishe ka. Saniyar nan taka ta haihu."

Wani abu ya wuce ta saman kaina da iska, ya bi ta tsakanin azarorin, ya gifta kunnen jaki, ya gangara hanyar kogi. Usur ya yi ƙara. Mahaifina ya bi abin da kallo.

"Wannan da ya wuce, naku ne?"

"A da dai namu ne, Baba."

Malam ya iso yana haki, littafin a hannu, bakinsa cike da maganar da ya tanadar mini. Sai ya ga dattijo mai furfura riƙe da igiyar jaki. Ya tsaya. Ya dubi littafin, ya mayar da shi aljihu, ya cire takalmi, ya rage tsawo.

"Barka da zuwa, Baba."

"Kai ne malaminsu?" in ji mahaifina. "To, Allah ya yi maka albarka. A Miga ana ta ce mini boko na lalata yara, har na zo da niyyar in tafi da shi gida. Amma ga shi ana ta gudu ana ihu kamar gobara, yaron nan bai fasa gaishe ni ba. Na bar maka shi."

A bayanmu yaran Birniwa sun tsamo ƙwallon daga cikin ciyawa, sun ɗaga shi sama suna zagaya fili, dogon yana kirana bawansa, wai in zo in yi sallama da ƙwallon. Malam ya bi su da ido har suka kai ɗaya golan. Sannan ya ce, "Amin, Baba. Iyakar ƙoƙarinmu ke nan."