Ranar da Na Kai Jirgin Malam Ruwa

A gidanmu na Gwammaja, damina ce lokacin tatsuniya. Idan ruwa ya ɗauke bayan magariba, indararo na ta ɗiga a bakin ɗakin Kaka Yagana, mahaifiyar babanmu, sai ta jawo kaskon wuta ƙarƙashin rumfa ta jera masara a kan garwashi. Ni da yayata Bilki mu matso, kowa da ɗan zanen rufarta. Har yau idan ƙanshin gasasshiyar masara ya haɗu da na jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai in ji kamar in waiwaya in nemi tabarmarta.

Kaka jinin Barno ce, amma a cikin ganuwar Kano aka haife ta, kuma ruwa mafi girma da ta taɓa gani shi ne kududdufin bayan unguwa. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kiran sunana ba. Uwata take ce mini, ko da faɗa za ta yi mini.

A ɗakinta, inda sauran tsofaffi ke jera kwanuka, ita jirgin ruwa ta ajiye. Tsawonsa bai kai kamu biyu ba. Irin jiragen yaƙin zamanin da ne, waɗanda iska ke turawa: ginshiƙai uku, ƙyallaye farare da Kaka ke kira zannuwan jirgi, igiyoyi birjik kamar saƙar gizo-gizo, da 'yan tagogi jere a kowane gefe, kowace da bakin igwa yana leƙe. Igwa saba'in da huɗu. Kakanmu ne ya ƙera shi, wanda ya rasu ina goye, wanda Kaka ba ta ambata sai da Malam.

Kafinta ne. Yana saurayi ya yi shekara guda a tashar jiragen ruwa ta Ikko yana gyaran akwatunan kaya, a can ya ga irin wannan ƙaramin jirgi a cikin gilashi a wani ofis. Ya dawo gida da wani tsohon littafi mai zanen jirage. Ba ya karanta Turanci, amma zane bai taɓa ɓoye masa komai ba. Yakan fere katakon maɗaci siriri kamar ɓawon albasa, ya lanƙwasa shi a kan tururin tukunya, ya manna ɗaya bayan ɗaya da ƙaro, irin wanda malamai ke haɗa tawada da shi. Igwa kuwa daga karan alƙalami ya yanko su ya tsoma a tawada. Igiyoyin aikin Kaka ne. Ita ta kaɗa zaren da mazarinta, ta murza shi da kakin zuma, wasu ta baƙanta da baƙin tukunya, wasu ta bar su farare. Jirage da yawa suka yi tare. Wasu an kyautar, wasu gara ta ci. Wannan kaɗai ya rage, kuma kullum da safe nakan ga ta shafa gefensa da yatsa kafin ta fito.

Idan masara ta fara fashewa sai ta ce, "Ga wata nan ta taso daga nesa."

Mu ce, "Ta ƙaraso, mun yi mata shimfiɗa."

Tana da tatsuniyoyi da yawa, amma ni guda ɗaya nake roƙo. Bilki takan ce, "Kaka, don Allah ban da ta jirgin nan. Wannan yarinyar ta mayar da mu fatake."

"Ke ci masararki," in ji Kaka. "Uwata ta yi magana, wa ya isa?"

Wai an yi wani sarki a garin da babu kogi. Fatake suka ba shi labarin cewa sarakunan bakin teku suna da jiragen yaƙi, sai ya ce shi ma sai an yi masa. Aka kira kafintan garin, ya yi shekara bakwai yana aiki, ya gama jirgin da ba a taɓa ganin mai kyansa ba. Sarki ya zo ya kewaya shi sau ɗaya, ya ce madalla, ya koma gida ya manta. Jirgi ya zauna a kan rairayi. Idan iska ta taso sai zannuwansa su cika, ya yi ta nishi yana waƙa, ita kuma Kaka ta sassauta murya ta rera:

"Ina ruwa, ina ruwa,
ɗan ruwa ne aka haifa a tudu."

Ya tambayi rijiya, ta ce bakinta ya yi masa ƙanƙanta. Ya tambayi hadari, ya ce shi wucewa yake yi. Sai wata tsohuwa ta ji tausayinsa. Kullum da yamma ta ɗebo ruwa ludayi ɗaya daga randarta ta zuba a gindinsa, ya yi shiru har gobe.

"Sai me, Kaka?"

"Sai gobe ta sake kawo ludayi ɗaya."

"Bai je teku ba?"

"Nan na ajiye ta. Ku tashi, an kira isha'i."

Kullum a nan take ajiye ta. Ni kuwa in kwanta ina jin nishin jirgin nan a ƙirjina. Shekaruna takwas, kuma ban ga wani bambanci tsakanin jirgin tatsuniya da wanda ke saman gadon Kaka ba. Ludayi ɗaya ya yi mini kama da rowa.

Wata rana da hantsi Kaka da Umma suka tafi bikin suna a Shahuci. An kwana ana ruwa, babban bahon wankin Umma ya cika fal a ƙarƙashin indararo. Na taka akwatin Kaka na sauko da jirgin, na rungumo shi kamar jariri, na ɗora shi a kan ruwan.

Ya zauna. Wallahi ya zauna, ya ɗan karkata gefe guda kamar mai sauraro, inuwarsa tana rawa a ƙarƙashinsa. Na durƙusa na hura zannuwan, ya tafi a hankali har ya taɓa ɗaya bakin bahon. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ba zan ce na ji tun daga nan ba.

Ban san ƙaro ba ya shiri da ruwa ba. Abin da na fara gani shi ne ruwan ya soma yin baƙi. Sai wani siririn katako ya saki daga ƙasa ya taso. Sai wani. Na kai hannu in ɗauko shi, cikinsa ya buɗe a tafina, ginshiƙan suka kwanta, igwa suka watsu a kan ruwa kamar tsinken ashana.

Bilki ta fito daga ɗaki ta tsaya a kaina. Ta leƙa bahon, sannan ta ce, "To, matuƙiya. Yau sai ki tuƙa mu zuwa inda za mu ɓuya."

Da suka dawo, Umma ta fara neman abin duka. Kaka ta ce, "Ba a dukan uwata a gabana." Ko kallona ba ta yi ba. Ta cire mayafin unguwa, ta durƙusa a gaban bahon da kayanta masu kyau, ta ce kada wanda ya zubar da ruwan nan. Ta sa aka kawo mata rariya da faifai. Kofi bayan kofi ta tace bahon nan kaf, kamar mai tace gasara, tana tsince abin da ya rage a rariya tana shanyawa. Da yatsa ta bi igwa ɗaya bayan ɗaya. Saba'in da uku. Ta sake bi. Saba'in da uku.

Kwana uku ba a hura kasko ba. Ina gaishe ta tana amsawa, amma Uwata ta ɓace daga bakinta. Da dukan Umma na sha, da ya fi mini sauƙi. Da safe ina ganin hannunta ya tafi wajen katakon saman gado inda jirgin yake zama, ya tarar da wayam, ya dawo.

A yamma ta huɗu na ji ƙanshin masara. Ban matso ba, na tsaya jikin ginshiƙin rumfa.

"Ga wata nan ta dawo," in ji Kaka, tana juya masara. Bilki ce kaɗai ta amsa. Kaka ta ba da tatsuniyar tun daga farko, da sarki da rijiya da hadari, har zuwa ludayi. Amma ba ta ajiye ta ba.

"Sai wata yarinya ta zo garin," ta ce. "Mai taurin kai, mai taushin zuciya, abu biyu da ba su da daɗin zama a jiki ɗaya. Ta ga ludayi ya yi kaɗan, sai ta je ta jawo kogi gaba ɗaya. Jirgi ya tashi, ya yi tafiya ɗaya. Sannan ya warwatse, don kafintan da ya yi shi mutumin tudu ne, da abin tudu ya haɗa shi."

Na ce, "Ya ji haushinta?"

Ta juyo wajen da muryata ta fito. "Ke za ki gaya mini. Ke kika gani. Ya tafi kuwa?"

"Ya tafi, Kaka. Daga wannan baki zuwa wancan."

"A miƙe?"

"Ya ɗan karkata."

"Hagu, ko?" Na ce e. Ta yi wata 'yar dariya, ta share ido da bakin zane. "Na sha gaya wa Malam gefen nan ya fi nauyi. Ya ce me mace ta sani game da jirgi. Shekara nawa ke nan, sai yau aka raba mana gardama. Zo nan, Uwata. Ni ma da laifina, na bar tatsuniya ba murfi a gaban yarinya."

Na faɗa jikinta na yi kukan da na riƙe kwana uku. Da na lafa sai ta faɗa mini abin da ko babanmu bai sani ba: tun bara ramin allura ya ɓace mata, yanar ido ta fara rufe mata gani. "Hannun da ya fere katakon nan yana ƙasa," ta ce. "Idon da ya ɗaura igiyoyin ma ya kama hanya. Abin da ya rage a kaina yake, kuma kai ba ya ɗaura zare. In ba ke ba, a faifai zai ƙare."

Damina biyu da rani biyu muka yi. Bayan la'asar, da sauran haske, mu baje faifai da littafin Malam. A gefen kowane zane ya yi 'yan rubuce-rubuce da ajami: wannan kafin wancan, a nan a sassauta, kada a yi gaggawa. Ni in karanta, ita ta tuna. Ta koya mini jiƙa ƙaro har ya yi kauri kamar zuma, da riƙe katako ina karanta Ƙulhuwallahu sau goma kafin in saki. Ta koya mini cewa baƙaƙen igiyoyi su ne masu riƙe ginshiƙi, ba sa motsi, fararen kuma su ke jan zannuwa. Tsanin igiyar da matuƙa ke hawa ya fi ba ni wuya, ƙulli ɗari da wani abu a kowane gefe. Idan na gama layi sai ta bi da yatsa ta ce, "Wannan ƙullin na ɗaurin kuka ne a kasuwa. Kwance." Bilki takan wuce ta ce an buɗe makarantar 'yan ruwa a Gwammaja, saura kifi.

Ranar da muka gama, Kaka ba ta iya bambance fuskata da ta Bilki sai mun yi magana. Na ɗora mata jirgin a cinya. Ta bi shi tun daga gaba har baya, taga bayan taga, sai yatsanta ya tsaya a kan igwar da na yanka da kaina a madadin wadda ta ɓata.

"Wannan ta ci ta ƙoshi."

"Bari in sake ta, Kaka."

"Bar ta. In na zo nan in san na bar wajen Malam na shigo wajenki."

Ta rasu ina aji biyar a sakandare. Na daɗe ina ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce ga masu gaggawa, kuma wataƙila haka ne. Sai da na rasa ta na fahimci tsohuwar nan mai ludayi. Watannin farko na so in tuna Kaka gaba ɗaya a zama ɗaya, muryarta da ƙanshin turarenta da komai, sai in ji ina warwatsewa kamar katakon nan a baho. A hankali na koyi abin da take yi kowace safiya da yatsa ɗaya a gefen jirgi. Kaɗan take ɗiba, daidai abin da zai kai ta gobe.

Yanzu ina koyarwa, kuma idan na dawo gida ina ƙera nawa jiragen. Gam na kanti nake sa musu, wanda ruwa ba ya ci. Na Malam kuwa da ƙaro nake gyara shi duk lokacin da wani abu ya saki. Akwai ƙwallon zare guda da Kaka ta kaɗa kafin idonta ya tafi. Kowane jirgi na gama, nakan sa masa igiya ɗaya tak daga ciki. Da farko ya kai girman lemo, yanzu bai fi goro ba. Har yau ban ga teku ba.

Daminar bana Bilki ta zo mana kwana biyu da 'yarta. Yarinyar ta tsaya a gaban jirgin Malam ta daɗe, sannan ta ce, "Anti, shi ba ya jin ƙishi?"

Bilki ta dube ni, ta tashi ta je ta kifar da bahon da ke ƙarƙashin indararo.

Bayan magariba na jawo kaskon Kaka, na jera masara. Na ba ta tatsuniyar tun daga sarki har zuwa kogi, ban ajiye ta a ludayi ba. Da na zo waƙar jirgin na sassauta murya, sai na ji ba tawa ce ta fito ba, ta Kaka ce. Na tsaya ina juya masarar da ta riga ta gasu, har yarinyar ta taɓa gwiwata ta ce in ci gaba.